Aikin Kibarua da Rikicin Ƙwadago a Tashar Jiragen Ruwa ta Mombasa: Sharhi Kan Littafin Frederick Cooper

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin yi shi ne ta feɗe wani littafi na tarihin ƙwadago wanda masanin tarihin nan na Amurka, Frederick Cooper, ya wallafa a shekarar 1987 da sunan On the African Waterfront. Littafin ya yi magana ne a kan ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Mombasa da ke gaɓar tekun Kenya, da irin dambarwar da aka sha tsakaninsu da kamfanonin lodi da gwamnatin mulkin mallaka tun daga shekarun 1930 har zuwa jajibirin samun mulkin kan ƙasar a 1963. Tushen dambarwar kuwa shi ne yadda ake ɗaukar ma'aikaci: ko dai a ci gaba da ɗaukarsa yini-yini ta hannun wani helma, ko kuma kamfani ya ɗauke shi kai tsaye, ya sa sunansa a rajista, ya riƙa biyansa mako-mako ko wata-wata.

Na zaɓi wannan littafi ne domin har yanzu yana cikin waɗanda ake ɗora ɗalibai a kansu idan ana maganar yadda ma'aikatan birane suka samu a Afirka, kuma abin da ya tattauna bai zama tatsuniya ba tukuna. Ra'ayin da zan kare a nan shi ne, Cooper ya yi nasara ƙwarai wajen nuna cewa rikicin Mombasa rikici ne a kan wanda zai mallaki lokacin lebura, amma ya ba tunanin jami'an mulkin mallaka nauyin da ya wuce kima, har mutumin da ke tsaye tsakanin kamfani da lebura, watau helma ko ɗan kwangila, ya zama kamar ragowar tsohon zamani da ke jiran ranar shara. A ganina shi wannan mutum na tsakiya shi ne ƙashin bayan al'amarin gaba ɗaya.

2.0 Yanayin Aikin Tashar Ruwa

Kafin mu shiga littafin, ya kyautu mu fahimci abin da ya raba aikin tashar ruwa da aikin masaƙa ko na ofis. Jirgin ruwa ba ya zuwa bisa ƙa'ida. Yau sai a wayi gari jirage sun yi cunkoso suna jiran a sauke su, gobe kuwa a ga tasha ta yi tsit. Muddin jirgi yana tsaye mai shi asara yake yi, saboda haka yana son mutane rututu su yi masa aiki dare da rana, da zarar ya tashi kuma ba ya son ya san da zamansu. Wannan hali bai tsaya ga masu lodi kawai ba, ya shafi har ma'aikatun gyaran jirage, inda masu kankare tsatsa da masu fenti da masu ɗaukar ƙarafa ke samun aiki ne kawai idan an shigo da jirgi gyara. Shi ya sa a tashoshi da yawa na daular Ingila, daga Singafo har zuwa Legas, kamfanoni suka fi son su bar ɗaukar ƙananan ma'aikata a hannun 'yan kwangila da helmomi.

A Mombasa sunan wannan tsari na aikin yini shi ne kibarua. Kalmar Sawahili ce, kuma ta girmi mulkin Turawa. A zamanin bauta a gaɓar tekun, ɗan kibarua bawa ne da ubangijinsa ke sakinsa ya je gari ya yi aikin lada, ya dawo ya ba da wani kaso daga abin da ya samo. Mai sauraro zai ga kamanninsa da murgu da aka sani a ƙasar Hausa. Bayan an soke bauta a gaɓar tekun Kenya a 1907, sai 'yantattun bayi da sauran talakawan gaɓa suka rungumi aikin yini, domin ya ba su damar samun kuɗi ba tare da sun sake ɗaura wa kansu igiyar wani ubangida ba. Cooper ya riga ya bi sawun wannan tarihi a littattafansa biyu na farko, na 1977 da na 1980, saboda haka ya shigo tashar ruwa da sanin asalin mutanen da zai yi magana a kansu.

Hanyar jirgin ƙasa da aka fara shimfiɗawa daga Mombasa a 1896, ta kai bakin tafkin Biktoriya a 1901, ita ce ta mayar da garin ƙofar Kenya da Uganda baki ɗaya. Audugar Uganda, da gahawa da zaren sisal na gonakin Turawa 'yan kaka-gida, da kanwar tafkin Magadi, duk ta tashar Kilindini suke fita. Hanyar nan kuma ita ce ta kwararo da baƙi daga cikin ƙasa, Luwo da Kikuyu da Kamba da Luhya, suka tarar da Sawahilawa da Mijikenda da Larabawan Hadaramaut a bakin aiki. Leburori kan yi aiki ne rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa da ake kira serang, da mataimakinsa tindal, sunaye biyu da aka aro daga bakin ma'aikatan jiragen Indiya. Da asuba mutane su yi dafifi a ƙofar tasha, a zaɓi na zaɓa, sauran su watse su nemi abin kai wa baka a wani wuri.

3.0 Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Cooper ya nuna cewa kafin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa ba su ga wani aibu a wannan tsari ba. A lissafinsu Baafirke ɗan ƙauye ne da ya shigo birni cin rani, ladan gwauro ya ishe shi, in ya gaji ko ya tsufa ƙauyensu ya ɗauki nauyinsa. Yajin aikin 1934, wanda leburorin jirage suka yi sa'ad da kamfanoni suka zaftare ladan yini da ya kasance sule 2, bai sa an sake tunani ba. Na watannin Yuli da Agusta na 1939 shi ne ya fara ta da hankali, domin ya tashi daga ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ya bazu ma'aikata bayan ma'aikata har ya tsayar da tasha, ba tare da wata ƙungiyar ƙwadago da za a ce ita ce ta shirya shi ba. Kwamitin Willan da aka kafa ya binciki lamarin, haka kuma kwamitin Phillips na 1945, dukansu suka ci karo da abu guda: ɗimbin jama'a a cunkushe a unguwar Majengo, lebura da mai dafa wa Bature abinci da mai zaman jiran aiki duk ɗaki ɗaya, tsadar rayuwa ɗaya, labari ɗaya.

Babban yajin aikin ya zo ne ran 13 ga Janairu, 1947. Mutum wajen 15,000 suka ajiye aiki har kwana 12: leburorin tasha, ma'aikatan jirgin ƙasa, na hukumar gari, na otal-otal, har da barorin gidajen Turawa. Kullum sai su taru a wani fili da suka raɗa wa suna Kiwanja cha Maskini, watau Filin Miskinai, kuma a nan ne aka haifi ƙungiyar da ake kira African Workers' Federation ƙarƙashin jagorancin Chege Kibachia. Ƙungiyar ba ta ware wata sana'a ba, ta ɗauki duk wani Baafirke mai cin guminsa a matsayin ɗanta. An koma aiki ne bayan da Eliud Mathu, Baafirke na farko da aka naɗa a Majalisar Dokokin Kenya a 1944, ya zo ya yi alkawarin za a duba kukansu. Gwamnati ta kafa kotun sulhu a ƙarƙashin Mai Shari'a Thacker, wadda ta yi ƙarin albashi amma ta fi karkata ga ma'aikatan wata-wata na manyan ma'aikatu, musamman waɗanda suka daɗe. A watan Agusta na wannan shekara aka kama Kibachia, aka kai shi can cikin ƙasa aka tsare har kusan shekara 10.

Ya kamata a tuna cewa Mombasa ba ita kaɗai ta yi wannan zazzaɓi ba. An yi yajin gama-gari a Nijeriya a 1945, da Dakar a 1946, da Darussalam a watan Satumba na 1947, da Zanzibar a 1948, ga kuma na ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma rainon Faransa daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Ingila ta fito daga yaƙi da tarin bashi, tana matuƙar bukatar kayan da mallakanta ke fitarwa, saboda haka tsayawar tasha ko da na mako guda ne abin tsoro ne a Landan.

Daga nan ne, in ji bayanin Cooper, jami'ai suka juya wa kibarua baya. Suka ƙudura cewa maganin fitina shi ne a zaunar da ma'aikaci: a rage yawan masu neman aikin tasha, a yi wa waɗanda suka rage rajista, a biya su abin da zai riƙe iyali a birni, a ba su ƙungiyar ƙwadago irin ta Ingila wadda za ta tsaya ga maganar sana'arta kawai. Rahoton kwamitin Carpenter na 1954 ya fito da wannan aƙida ƙarara da ya nemi a bar ladan gwauro a koma ladan magidanci. A watan Maris na 1955 leburorin tasha suka sake yin yaji ba da umurnin sabuwar ƙungiyarsu ba, sai Tom Mboya, wanda a lokacin shi ne babban sakataren tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Kenya, ya sauko daga Nairobi ya shiga tsakani, aka ƙare da ƙarin wajen kashi 33 cikin 100. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 mafi yawan leburorin tasha sun koma 'yan mako ko 'yan wata, kuma irin yajin 1947 mai haɗe gari baki ɗaya bai sake aukuwa ba har Turawa suka tafi.

4.0 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Babbar gudummawar wannan littafi ita ce ya hana mu karanta labarin nan da sauƙin da muka saba. Mai rubuta tarihin kishin ƙasa zai ce ma'aikata sun yi gwagwarmaya sun ƙwaci aiki na dindindin. Mai kare mulkin mallaka kuwa zai ce gwamnati ta farga da wahalar talakawa ta yi musu gata. Cooper ya nuna cewa abin da ya faru ciniki ne, kowane ɓangare ya karɓi wani abu ya kuma rasa wani. Ɗan kibarua, duk da rashin tabbas ɗin da yake ciki, ladan yininsa ya fi na leburan wata idan aka raba albashin wannan bisa kwanaki, kuma shi ne ke yanke wa kansa ranar da zai fito. Yana iya yin 'yan kwanaki a tasha, ya koma gonarsa a bayan gari, ko ya fita kamun kifi, ko ya je biki. Da aka sa shi a rajista sai ga tankifa da kati da littafin laifi. Wanda ya yi fashin aiki ba dalili yana iya rasa lambarsa, rasa lamba kuwa ya zama rasa abinci, tun da ƙofar da a da ke buɗe ga kowa yanzu an rufe ta. A nan Cooper ya yi amfani da hasken da E. P. Thompson ya kunna a muƙalarsa ta 1967 game da agogo da horon ma'aikata a Ingila, ya kuma nuna cewa abin da ya ɗauki Ingila ƙarnuka an nemi a ɗura wa Mombasa shi cikin shekara 15.

Abu na biyu shi ne bayanin yadda aka tsinka tsintsiyar 1947. Abin da ya fi firgita gwamnati a yajin nan shi ne rashin bango tsakanin mai aiki da mara aiki, da tsakanin wannan sana'a da waccan. Saboda haka duk matakin da aka ɗauka daga baya, tun daga hukuncin Thacker har zuwa yi wa ƙungiyoyi rajista sana'a-sana'a, gini ne na wannan bango. Leburan tasha ya samu albashin da maƙwabcinsa na Majengo ba ya ko mafarkinsa, daga ranar nan kuwa kukansu ya daina zama ɗaya. Wannan bayani ya gyara wata magana da ta daɗe tana yawo tun bayan littafin Frantz Fanon na 1961, inda ya lasafta leburorin tasha cikin 'yan gatan mulkin mallaka. Cooper ya nuna cewa gatan nan, in ma gata ne, bai wuce 'yan shekaru da samuwa ba sa'ad da Fanon ke rubutu, kuma an ƙirƙire shi ne da gangan domin a raba kan waɗanda jiya-jiya suka tsayar da gari tare.

Sa'an nan dole a yaba wa marubucin bisa yadda ya karanta takardun hukuma. Bai ɗauki gwamnati a matsayin dodo mai kai ɗaya ba. Ya nuna saɓani tsakanin ma'aikatar ƙwadago da hukumar jirgin ƙasa da tashoshi, da tsakanin jami'ai da kamfanonin lodi, waɗanda suka daɗe suna jan ƙafa domin kibarua ya fi musu arha. Ɗalibin da ke son ya koyi yadda ake tatso ma'ana daga fayil ɗin gwamnati zai ƙaru ƙwarai da wannan littafi.

5.0 Inda Littafin Ya Yi Rauni

5.1 Muryar lebura

Mafi yawan hujjojin littafin daga taskar gwamnati da rahotannin kwamitoci da jaridun Turawa suka fito. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, kuma marubucin ya san haɗarin abin. Amma akwai wurin da hujjar ta gaza ɗaukar kayan da aka ɗora mata. Maganar cewa ɗan kibarua yana son aikin yini saboda 'yancin da yake ba shi, an fi tsamo ta ne daga ƙorafin masu ba da aiki cewa leburori ba sa fitowa kullum. To, ƙorafin maigida cewa yaronsa bai zo ba yana tabbatar da rashin zuwan ne kawai, ba ya faɗin dalili. Mutumin da ya kwana biyu yana jidar buhuna daga cikin jirgi yana iya kwantawa rana ta uku don ciwon baya. Wani kuma ya zo da asuba serang bai zaɓe shi ba, a takarda sai a ga kamar bai fito ba. Bugu da ƙari, 'yancin barin aiki ya fi ma'ana ga ɗan gaɓa mai gona a kusa fiye da baƙon da ya fito daga bakin tafkin Biktoriya, wanda kuɗin ɗaki ke jiransa ƙarshen wata. Idan aka haɗa su duka a ƙarƙashin suna guda, akwai tsoron a mayar da dole ta zama zaɓi.

5.2 Mutumin tsakiya

A nan ne na fi samun saɓani da littafin. Ba a ce Cooper ya manta da serang ba. Ya yi maganarsa, ya kuma nuna cewa rukunonin aiki su ne jijiyoyin da yajin 1955 ya bi ya bazu, da yadda kamfanoni daga baya suka nemi su mayar da serang ɗan sa-ido mai cin albashinsu. Amma mai karatu zai rufe littafin ya fi sanin abin da ke zuciyar jami'in ƙwadago fiye da abin da ke zuciyar serang, alhali kuwa shi leburan ba jami'i yake gani da asuba ba.

Helma mutum ne mai fuska biyu, duk wanda ya san aikin leburanci a ko'ina ya san haka. Shi ne ke zaɓen wanda zai ci abinci yau, kuma zaɓen nan ba kasafai yake zama kyauta ba. Amma shi ɗin dai shi ne ke saukar da baƙo ɗan garinsu, ya ranta masa kuɗi ranar da babu jirgi, ya rufa masa asiri in ya makara. Ga kamfani kuwa amfaninsa ya wuce tara mutane. Shi ne katangar da kamfani ke fakewa a bayanta: ranar da babu aiki asarar ba ta kamfani ba ce, wanda kaya suka faɗo wa ba ma'aikacin kamfani ba ne a takarda, wanda ya yi tsaurin kai kuma ba sai an kore shi ba, gobe ne kawai ba za a kira shi ba. Idan muka kalli abin ta wannan fuska, za mu ga cewa ko da kibarua ya gaji sunansa daga zamanin bauta, abin da ya raya shi sabon lissafi ne na 'yan jari-hujja. Binciken Bill Freund na 1981 a kan ma'adinan kuza na Jos ya nuna irin wannan dogaro da helmomi da 'yan kwangila a wurin da ba shi da teku, ba shi kuma da tarihin gaɓar Sawahili. A Mombasa kanta sai da Justin Willis ya zo a 1993, da taimakon hirarraki da dattawa, sa'an nan aka ƙara ganin yadda zumunci da ubangidanci suka saƙa hanyoyin samun aiki a tsakanin mutanen gaɓa.

Muhimmancin wannan gyara shi ne, idan helma ragowar tsohon zamani ne, to kawar da shi ci gaba ne da ba ya komawa baya. Idan kuwa kayan aikin kamfani ne, to an jingine shi ne kawai don wani tsoro, kuma zai dawo ranar da tsoron ya kau.

5.3 Bayan ƙofar tasha

Littafin ya nuna cewa unguwa ce ta haɗa kan 'yan yajin 1947, amma bai daɗe a cikin unguwar ba. Mutum 15,000 ba sa yin kwana 12 ba lada sai da wanda ke ciyar da su. Matan da ke sayar da abinci, da masu ba da hayar ɗaki a Majengo, da masu kantin da ke ba da bashi, da dangin da ke aiko da hatsi daga gona, su ne asusun yajin aikin da ba a rubuta ba. Margaret Strobel ta riga ta wallafa nazarinta a kan matan Musulmi na Mombasa tun 1979, saboda haka hanyar shiga gidajen nan a buɗe take. Da an bi ta, da mun ga yadda ladan magidanci da Carpenter ya kawo ya sake zaman gida, tun da tsari ne da ya ɗauka cewa namiji ne kaɗai mai nema.

5.4 Inda labarin ya tsaya

Rauni na ƙarshe ya shafi awon dalilai. Idan sauyin tunanin jami'ai shi ne babban abin da ya kashe kibarua, ya kamata mu ga ya mutu a sauran tashoshin da ke ƙarƙashin ofis ɗaya a Landan. Legas ta ƙi bin wannan lissafi. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki a 1955 da ma'aikatanta na dindindin, amma leburorin da ke lodi da sauke kaya suka ci gaba da zama a hannun 'yan kwangila duk da ƙoƙarin yi musu rajista. Peter Waterman, a nazarce-nazarcensa na 1982 da 1983, ya bayyana yadda waɗannan jinsuna biyu na ma'aikata suka zauna a tasha ɗaya da ƙungiyoyi dabam da rabo dabam. Daula ɗaya ce, zamani ɗaya, aƙida ɗaya, sakamako kuwa ya bambanta.

Bambancin, a nawa ganin, yana ga girman tsoro. Mombasa ita ce babbar kafa tilo ta ƙasashe biyu, tana kuma ɗauke da arzikin Turawa 'yan kaka-gida masu faɗa a ji, alhali Nijeriya tana da Fatakwal bayan Legas. Daɗin daɗawa, daga Oktoba 1952 Kenya tana cikin dokar ta-ɓaci saboda tawayen Mau Mau, kuma babu abin da gwamnati ke gudu kamar wutar daji ta haɗu da ta tasha. Cooper ya san duk wannan, ya ma ambace shi, amma ma'auninsa ya fi rinjaya wajen abin da jami'ai suka yi imani da shi game da ma'aikacin zamani.

Ita kanta Ingila da ake kwaikwayo ta ba da shaida. A 1947 ta kafa tsarin yi wa leburorin tashoshinta rajista, amma ɗaukar yini-yini bai ƙare ba sai 1967, bayan rahoton Devlin na 1965. A 1989, shekara 2 kacal bayan fitowar littafin da muke magana a kai, gwamnatin Margaret Thatcher ta soke tsarin ɗungurungum. Kafin nan kwantena, wadda aka fara jigila da ita a Amurka a 1956, ta riga ta rage bukatar ƙarfin damtse a tashoshin duniya, ta kuma rage wa lebura ikon tsayar da jirgi. A Nijeriya ma, a 2006 aka danƙa gudanar da sassan tashoshi ga kamfanoni masu zaman kansu. Ba za a zargi marubuci da rashin sanin gaibu ba, amma mu da muke karanta shi bayan waɗannan abubuwa ba mu da hanzarin ɗaukar shekarun 1950 a matsayin ƙarshen labari. Wani ɗan tsakani ne da ma'aikata suka samu domin sun iya tsoratar da masu mulki a lokacin da masu mulkin ba su da ƙarfin jurewa.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa littafin Cooper ya cancanci matsayin da yake da shi, domin ya fito da maganar lokaci da horo da rarraba kan ma'aikata daga cikin tarin fayil-fayil, ya kuma kuɓutar da mu daga labarin jarumai da na masu jinƙai. Ta kuma nuna cewa dogaro da idon hukuma ya sa muryar lebura ta yi ƙasa, unguwa ta zama inuwa, shi kuma mutumin tsakiya bai samu kujerar da ta dace da shi ba. Malamin da zai karantar da littafin zai kyauta idan ya haɗa shi da aikin Waterman a kan Legas, domin ɗalibi ya ga hanyar da aka bi da wadda ba a bi ba.

Akwai kuma aikin da ya rage namu. Buhunan gyaɗar da leburorin Apapa suka loda a jirage, wasu leburorin ne suka fara jibge su dala-dala a Kano, su ma a ƙarƙashin helmomi. Dalar gyaɗa ta ƙare tun shekarun 1970, waɗanda suka rage cikin masu ɗaukarta kuwa sun tsufa ƙwarai. Idan muka yi sakaci har suka shuɗe ba mu zauna da su ba, mai rubuta tarihinsu nan gaba zai sami kansa inda Cooper ya samu kansa, watau da takardun kamfani da na hukuma kawai. Ina roƙon sassan tarihi da na Hausa na kwalejojinmu su tura ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu su ɗauko wannan hira da harshen masu ita, a tambaye su yadda ake zaɓensu, da abin da helma ke cirewa, da abin da yake yi musu ranar da babu aiki.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi wa marubucin rashin adalci, ko na fahimce shi a karkace, ina fatan malamaina za su gyara mini, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.